Wanda ya riƙe ni a Faransa yana hannun 'yan sanda, ni ma sun aiko mini da takarda

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan ƙwallo ne, shekarata 24, ina buga wa wata ƙungiya ta rukuni na biyu a Faransa, wannan ce kakata ta uku. Ranar da na sauka ban san kowa ba, ko gaisuwa ban iya da Faransanci ba. Wani Bahaushe da ya daɗe a garin shi ya ɗauke ni kamar ƙaninsa. Shi ya saya mini rigar sanyi ta farko, a gidansa nake cin tuwo duk Juma'a, shi ke raka ni banki da asibiti yana yi mini tafinta. Da na sayi mota yakan ara, wani lokaci ta kwana biyu ko uku a wurinsa. Sau uku yana cewa asusunsa ya sami matsala, aka turo kuɗi ta nawa na cire na ba shi, jimilla Yuro 18,000. Ya ce kuɗin motocin da yake turawa Kwatano ne.

Makon jiya aka kama shi da wasu mutum huɗu, ana zarginsu da safarar hodar iblis. Shekaranjiya 'yan sanda suka aiko mini da takarda, suna son ganina nan da kwana tara. Ƙaninsa ya kira ni ya ce in ce ban taɓa ba shi mota ba, kuɗin kuma 'yan'uwana ne suka turo mini. Ya ƙara da cewa ai sun san gidanmu. Mahaifiyata kuka take yi, ta ce in tattara in dawo gida. Ejan ɗina, wato wakilina a harkar ƙwallo, ya ce in yi shiru kada kulob ya ji. Wallahi ban taɓa ganin ƙwaya a hannunsa ba, amma ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ta sha raya mini cewa kuɗin nan sun fi ƙarfin sana'ar da ya ce yana yi. In na faɗi gaskiya na ci amanar wanda ya yi mini rana, in na yi ƙarya ban san inda za ta kai ni ba. Ina mafita?

Wani ɗan wasa, daga Faransa

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma duk sau ukun a kan rigar sanyin nan nake tsayawa. Wanda bai taɓa sauka a ƙasar mutane da hunturu ba, yana tsaye a tashar jirgin ƙasa da 'yar jaka, iska na ratsa ƙashinsa, kowa na wuce shi ba sallama, ba zai gane nauyin mutumin da ya zo ya ce "taho mu je gida" da Hausa ba. Don haka ba zan ce maka ka manta alherinsa ba. Nauyin da kake ji a ƙirjinka alama ce ta cewa an yi maka tarbiyya. Sai dai akwai tambayar da nake so ka yi wa kanka kafin mu shiga maganar doka: tsakanin kai da shi, wa ya riƙe amanar wa?

Ka duba da kyau. Kai ka ba shi makullin motarka ba ka tambayi inda za shi ba. Ka ba shi lambar asusunka saboda ya ce yana cikin matsala. Ka riƙe taka amanar har da ƙari. Idan abin da ake zarginsa da shi gaskiya ne, to shi ne ya ɗauki sunanka, wanda ba ka da wani jari a duniya kamarsa, ya jefa cikin harkar da ya san ƙarshenta, bai ko gaya maka ba balle ka zaɓa. Ban ce ya aikata ba, wannan aikin kotu ne, kuma mai yiwuwa ƙaunar da ya nuna maka ta gaskiya ce. Mutum yana iya son ka kuma ya cuce ka. Amma ko da ya fita da gaskiyarsa, abin da ƙaninsa ya nema a wurinka ba riƙon amana ba ne. Shaidar zur ce. Kuma wanda ya haɗa roƙo da "mun san gidanku" ya daina roƙo, barazana yake yi.

Ba kai ne farau ba, kuma manyan da suka fi ka kuɗi da lauyoyi sun faɗa wannan rami a ƙasar da kake zaune. A 2015 Karim Benzema ya yi wa abokin wasansa Mathieu Valbuena magana a sansanin 'yan wasan Faransa kan wani faifan bidiyo da wasu ke neman kuɗi da shi, kuma abokin Benzema na yarinta ne ya sa shi. Wannan magana ta raba shi da tawagar ƙasarsa har zuwa 2021, gasar Turai ta 2016 da kofin duniya na 2018 da Faransa ta ɗauka duk suka wuce yana kallo. A Nuwamba 2021 kotu a Versailles ta same shi da laifin haɗa baki, ta yanke masa ɗaurin shekara guda na jeka-ka-gyara-halinka da tarar Yuro 75,000. Shi kuwa Paul Pogba, a Maris 2022 mutanen da suka tashi tare ne suka kai shi wani gida a wajen Paris, wasu masu rufe fuska ɗauke da bindigogi suka nemi Yuro miliyan 13, wai ladan kariyar da aka yi masa tsawon shekaru. Da farko ya biya Yuro 100,000 yana fatan a rabu lafiya. Ba a rabu ba, har birnin Turin na Italiya suka bi shi. Sai da ya kai ƙara aka fara bincike, kuma a Disamba 2024 kotu a Paris ta yanke wa mutum shida hukunci, har da yayansa Mathias, mafi tsananin hukuncin shekara 8. Abin da nake so ka gani a labarin Pogba shi ne watannin da ya yi yana shiru. Shirun bai saya masa kwanciyar hankali ko ta mako guda ba, sai ma ya nuna musu cewa yana tsoro. Haka naka zai kasance in ka yi wa ƙanin nan ƙaryar da yake so: daga ranar yana riƙe da wuyanka, domin ya san ka yi wa hukuma ƙarya, kuma duk abin da ya nema gobe ba ka da bakin cewa a'a.

Sannan ƙaryar ma ba za ta tsaya da ƙafarta ba. 'Yan sandan da ke binciken safarar ƙwaya ba sa kama mutum biyar rana ɗaya sai sun daɗe suna bibiyarsu. Kafin su rubuto maka, ka ƙaddara cewa bayanan asusunka na gabansu, da sunayen waɗanda suka turo kuɗin, da ranar da ka cire, da na'urar da ka cire a ciki. Wayoyi suna nuna inda mutum ya bi, manyan hanyoyin Faransa cike suke da shingen biyan kuɗi da kyamarori, motar kuma da sunanka take. Sau da yawa tambayar da za su yi maka sun riga sun san amsarta, so suke su ga wane irin mutum ne a gabansu. In ka ce ba ka taɓa ba shi mota ba, aka ajiye maka hotonsa a cikinta, ka tashi daga yaron da aka yaudara ka koma wanda ke rufa wa gungun asiri. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a nan da kanka za ka haƙa shi.

Yanzu ga abin yi, kuma ka fara yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi lauya wanda aikinsa shari'ar manyan laifuka ne, ba wanda ke duba kwantiragin 'yan wasa ba. Kada ya zama lauyan mutumin da aka kama, kada ya zama wanda danginsa suka kawo ko suka ce za su biya, domin bukatarka da tasu sun riga sun raba hanya. In ba ka san inda za ka fara ba, ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan Faransa, UNFP, tana da sashen shari'a, kuma don irinku aka kafa ta tun 1961. Ka kai wa lauyan takardar da aka aiko maka, ka zayyana masa komai, har da abin da zuciyarka ta sha raya maka, da abin da kake jin kunyar faɗa. Doka ta ɗaure shi ya riƙe sirrinka. Ejan ɗinka, komai kirkinsa, ba shi da wannan kariya, gobe ana iya kiransa a tambaye shi me ka gaya masa.

Abu na farko da lauyan zai duba shi ne da wane matsayi aka kira ka, domin a Faransa kowanne da hukuncinsa. Idan a matsayin shaida ne, zuwa wajibi ne, in ka ƙi ana iya zuwa a ɗauke ka, kuma ba za su riƙe ka fiye da awa 4 ba. Shaida ba ya shiga da lauya, shi ya sa zaman da za ku yi kafin ranar yake da muhimmanci. In alƙalin bincike ne ke riƙe da shari'ar, rantsuwa za ka yi, ƙarya bayan rantsuwa kuma tana kai mutum ɗaurin shekara 5 da tarar Yuro 75,000. Idan kuma takardar ta ce audition libre, ana zargin kana da hannu ke nan amma ba a tsare kake ba: kana da damar shiga da lauya, da damar yin shiru, da damar tashi ka tafi. Na ukun shi ne garde à vue, wato tsarewa, awa 24 da ake iya ƙarawa zuwa 48, a shari'ar ƙwaya ko gungun masu laifi har 96. Ko a nan kana da lauya, da likita, da damar a sanar da danginka da ofishin jakadancin ƙasarku. Na jero maka su ne don kada kalma ta firgita ka a ranar, kuma don ka san cewa mutum yana iya shiga a shaida a sauya masa matsayi yana zaune. Saboda kuɗin da suka bi ta asusunka, kada ka ɗauka wannan ba zai yiwu ba.

Zan dakata a kan kuɗin, domin nan ne ƙafarka ta fi nutsewa, ba a motar ba. Dokar Faransa tana hukunta wanda ya taimaka aka ɓatar da sawun kuɗin haram, ɗaurin yana kai wa shekara 5 da tarar Yuro 375,000, kuma ya fi haka in kuɗin ƙwaya ne. Baƙon da aka samu da laifi irin wannan ana iya haramta masa zama a ƙasar, takardar zama ta tafi, kwantiragi ya bi ta. Amma laifin yana rataye ne a kan sani. Tambayar da shari'ar za ta juya a kanta ita ce: ka san tushen kuɗin ko ba ka sani ba? Shi ya sa saƙonnin da ke cikin wayarka dukiya ne a yanzu. Saƙon da ya ce maka asusunsa ya toshe, hoton motar da ya ce zai tura Kwatano, muryar da ya aiko yana godiya, su ne za su yi maka shaida cewa abin da aka gaya maka ke nan. Kada ka goge ko ɗaya, ko wanda kake ganin bai yi maka kyau ba. Kada ka sauya waya, kada ka sayar da motar, kada ka kwashe kuɗinka ka tura gida. Ɓatar da shaida laifi ne mai zaman kansa, shekara 3 da tarar Yuro 45,000, kuma yana sa mai gaskiya ya yi kama da mai laifi. Ka zauna da littafi ka rubuta ranakun da ya ari motar gwargwadon abin da kake tunawa, ka haɗa da jadawalin atisaye da wasanninku. Wannan wata ni'ima ce ta sana'arka da ba kowa ke da ita ba: ranar da motarka take kan wata hanya, wataƙila kai kana fili a wani gari, dubban mutane na kallonka.

Idan ka shiga ɗakin, ka nemi tafinta ko da kana ganin Faransancinka ya nuna. Faransancin ɗakin sauya kaya daban, na shari'a daban, kuma hakkinka ne. Ka faɗi abin da idonka ya gani da abin da kunnenka ya ji. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, abin da ka manta ka ce ka manta, kada ka cike gurbi da zato don ka faranta wa mai tambaya rai. Haɗa kai da hukuma ba ya nufin ka ɗora wa mutumin abin da ba ka gani ba. Ka ce ba ka taɓa ganin ƙwaya a hannunsa ba, to wannan ma gaskiya ce, ka faɗe ta da ƙarfi kamar sauran. Maganar zargin da zuciyarka ta yi, lauyanka ne zai nuna maka yadda za ka amsa in an tambaya, ba tare da ƙarya ba. A ƙarshe za su buga duk abin da ka faɗa su miƙo maka ka sa hannu. A lokacin ka gaji, kana jin yunwa, ɗan sandan ya tura maka biro yana kallon agogo. Kada ka yi sauri. A karanta maka layi bayan layi, duk inda aka rubuta abin da ba haka ka faɗa ba ka ce a gyara, domin wannan takarda za ta bi ka har gaban alƙali.

Ka kuma kwantar da hankalinka da cewa kira ba kamu ba ne. A Satumba 2024 aka kama mutum 19 a binciken shugabannin magoya bayan Inter da AC Milan a Italiya, waɗanda ake zargin wasunsu da alaƙa da 'yan mafiya. An kira kocin Inter na lokacin, Simone Inzaghi, da ɗan wasa Hakan Calhanoglu, suka je suka ba da bayani a matsayin shaidu, suka koma bakin aikinsu. Daga baya hukumar ƙwallon Italiya ta dakatar da kowannensu wasa ɗaya saboda mu'amalar da suka yi da mutanen. Wasa ɗaya ya wuce, suka ci gaba da sana'arsu.

Mu zo kan Hajiya. Kukanta na uwa ne, ɗanta take so ta gani a gabanta ta taɓa shi, kuma ba wanda zai ga laifinta. Amma in ka hau jirgi da wannan takarda a aljihu, ka amsa laifin da ba a ma tuhume ka da shi ba tukuna. Za ka karya kwantiraginka, ana iya fitar da sammacin kama ka, kuma ɗan ƙwallo ba ya ɓuya, sana'arsa a gaban kyamara take. Quincy Promes na Holand yana buga wa Spartak Moscow ta Rasha lokacin da kotu a Amsterdam ta yanke masa shekara 6 a bayan idonsa, a Fabrairu 2024, kan shigo da hodar iblis fiye da kilo 1,300 ta tashar ruwan Antwerp. Ya koma Dubai, a can aka kama shi, a Yuni 2025 aka miƙa shi ga ƙasarsa. Laifinsa ba irin halin da kake ciki ba ne, na kawo shi ne don ka ga gudu ba ya kashe shari'a. Ka kira Hajiya ta bidiyo ta ga fuskarka, ka gaya mata ka ɗauki lauya, ka gaya mata ranar da za ka je, ka roƙe ta addu'a. Ka sa wani babba da take jin maganarsa, kawunka ko limamin unguwa, ya zauna da ita. Shi wannan babban ka gaya masa maganar "mun san gidanku", don a sa ido, kuma a daina sakin baki da baƙin da ke zuwa tambayar labarinka.

Ita barazanar kada ka raina ta, kuma kada ka amsa ta. Kada ka sake ɗaga wayar ƙanin, kada ka aika masa da saƙo ko na ban-haƙuri, kada ka karɓi ɗan aike. Ka adana lambar da lokacin kiran ka ba lauyanka. Matsa wa shaida ya yi ƙarya laifi ne a dokar ƙasar, kuma akwai tanadin da ke ba shaida damar a rubuta adireshin ofishin 'yan sanda a maimakon na gidansa, a wasu shari'o'in ma alƙali na iya yarda a ɓoye sunansa. In ka ga wani na bin ka ko yana tsaye a ƙofar gidanka, lambar 'yan sanda 17 ce.

Shawarar ejan ɗinka ban yarda da ita ba, ko da yake na fahimci tsoronsa: yana gudun darajarka ta faɗi a kasuwa. Amma garin da ƙungiyar rukuni na biyu take sau da yawa ƙarami ne, ɗan jarida ɗaya ya ga motarka a ƙofar ofishin 'yan sanda ya isa. Gara shugabanninka su ji daga bakinka da su karanta a jarida. Bayan ka gana da lauya, ku zaɓi mutum ɗaya a shugabancin kulob, ku gaya masa a taƙaice: an kira ka kan wani da ka sani, za ka je, kana da lauya. Ba sai abokan wasa sun ji ba, kuma kada ka rubuta komai a Instagram, ko da aya ce ko karin magana. Akwai kuma tambayar da ba ka taɓo ba, ni zan yi maka: ya taɓa tambayarka wa ya ji rauni, wa zai fara wasa, ko ya ce ka karɓi katin gargaɗi? In ya taɓa, ka gaya wa lauyan tun a zaman farko, domin a dokar ƙwallo rashin kai rahoton irin wannan tayi laifi ne ko ba ka karɓi sisi ba. Samson Siasia namu, tsohon kocin Najeriya, FIFA ta dakatar da shi har abada a 2019 kan hulɗa da mai sayen wasanni, sai a 2021 kotun wasanni ta rage zuwa shekara 5.

Saura bashin alheri, wanda na san shi ne ke hana ka barci fiye da tsoron 'yan sanda. Allah ya ce a Suratul Baƙara kada a ɓoye shaida, Manzon Allah (SAW) kuma ya koyar da cewa taimakon ɗan'uwa in shi ne mai zalunci shi ne a hana shi zaluncin. Ka tuna hodar nan cikin jikin 'ya'yan wasu take shiga. Amma matar da ta tuƙa maka tuwon Juma'a da yaranta ba su yi maka komai ba, kuma yau suna cikin tashin hankalin da ya fi naka. Akwai hanyar da za ka rama musu alheri: buhun shinkafa, kayan makarantar yara, addu'a. Sai dai ba yanzu ba, kuma ba a ɓoye ba. Duk kuɗin da ya fita daga hannunka zuwa gidan a wannan lokaci ana iya fassara shi da wata manufa, don haka ka tambayi lauyanka yaushe da ta yaya. In ya ce ka jira, ka jira, bukatarsu ba za ta ƙare a wata ɗaya ba.

Kafin ranar, ka ci gaba da zuwa atisaye, ka ci abinci, ka riƙe sallarka. In barci ya ƙaurace maka ka gaya wa likitan kulob, ba abin kunya ba ne. Ranar da za ka je ka tafi da fasfo da takardar zamanka, da lambar lauyan a rubuce a takarda ba a waya kaɗai ba, ka sanar da mutum ɗaya da ka amince da shi ƙarfe nawa ka shiga. In ka fito, ka fara kiran Hajiya, sannan ka rubuto mini in ji yadda ta kasance. Allah ya fitar da kai lafiya, ɗana.